Dokar da ta ce a fara ba ɗan ƙasa aikin mai: me ta tanadar wa ma'aikatanmu na Legas?

Masu walda a Agege, masu tankoki a Apapa da dillalan ƙarfe a Owode Onirin suna kusa da harkar mai fiye da yadda suke zato. Akwai dokar da ta tilasta wa kamfanonin mai su fara neman kaya da ma'aikata a cikin gida kafin su leƙa waje, amma da yawa daga cikin mutanenmu ba su taɓa jin labarinta ba.

Ita ce dokar bunƙasa kason 'yan ƙasa a harkar mai da iskar gas, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Afrilun 2010, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Ba haka kawai ta faɗo ba. Ƙungiyoyin 'yan kwangila na gida, irin su PETAN, ƙungiyar kamfanonin gida masu ayyukan fasaha a harkar mai, sun daɗe suna kukan cewa ɗanyen man namu ne, amma zane da ƙira da walda da inshora duk a waje ake yin su, kuɗin kuma can suke zama. Dokar ta kafa hukumar kula da kason 'yan ƙasa, NCDMB, mai hedikwata a Yenagoa ta jihar Bayelsa domin ta sa ido.

Kafin kamfani ya fara aiki, sai ya miƙa wa hukumar tsarin yadda zai yi amfani da kayan gida da 'yan ƙasa. Ƙananan ma'aikata da matsakaita dole su zama 'yan Najeriya. A kujerun shugabanci, kashi 5 cikin 100 kawai aka yarda a ware wa baƙi, kuma duk baƙon da aka kawo saboda ƙwarewa sai an haɗa shi da ɗan ƙasa mai koyon aikin, wanda zai gaje shi cikin shekara huɗu. Aikin ƙira da walda kuwa, dokar ta ce a yi shi a cikin ƙasa.

Wajen neman kwangila ne aka fi jin amfaninta. Idan kamfanin gida yana da ƙarfin yin aikin, ba za a kore shi don kawai wani ya fi shi araha ba, muddin farashinsa bai haura mafi araha da kashi 10 cikin 100 ba. Ayyukan tudu da na fadama kuma an keɓe su ga kamfanonin gida da suka nuna cewa suna da injinansu da ma'aikatansu. Ana cire kashi 1 cikin 100 daga kowace kwangila ta ɓangaren haƙo mai, a zuba a wani asusu da ake horar da matasa da shi, ake kuma ba kamfanonin gida rance. Wanda ya karya dokar, ana iya cin sa tarar kashi 5 cikin 100 na kuɗin aikin, ko a soke aikin ɗungurungum.

Legas ta ga amfanin wannan da idonta. A 2018 aka kawo katafaren jirgin tattarawa da ajiye ɗanyen mai na Egina, na kamfanin Total, zuwa filin ƙira da haɗa jiragen ruwa na LADOL da ke kusa da Tarkwa Bay, aka ɗora masa sassa shida da aka ƙera a Najeriya kafin ya tafi teku. A da, irin wannan aiki a Koriya ake gama shi kaf, a jawo mana shi a shirye.

Sai dai a gane abu ɗaya: dokar ba ta san gwanin walda da ke aiki a bakin titi ba, komai iyawarsa. Kamfani ta sani, mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wanda aƙalla kashi 51 cikin 100 na hannun jarinsa na 'yan Najeriya ne, kuma sunansa yana cikin kundin tantance 'yan kwangila na hukumar da ke intanet. Shi ma mai walda sai da takardar shaidar ƙwarewa kafin a bari ya taɓa bututun gas, domin ɗinkin bututu na'ura ake sa wa a duba cikinsa, ba ido ba. A nan ne aka bar mu a baya. Muna da hannu, muna da jari, amma yawancin kasuwancinmu a kan amana da baki yake, ba takardar haraji, ba lissafin shekara.

Akwai kuma masu cin amanar dokar: mutum ya yi rajistar kamfani a jaka, ya karɓi kwangila da sunan ɗan ƙasa, ya miƙa wa baƙi, ya ɗauki lada ya koma gefe. Kura da fatar akuya ke nan. Wannan ya tsawwala kuɗin ayyuka, har ya sa Shugaba Tinubu ya ba da umarni a 2024 cewa a daina ba 'yan tsakiya marasa kayan aiki kwangila. Na goyi bayan umarnin, domin mai aron suna yana tare wa mai injin gaskiya hanya. Wani giɓin kuma ba laifin 'yan kwangila ba ne: dokar tana son a sayi ƙarfen gida, alhali kamfanin ƙarfe na Ajaokuta har yau bai kankama ba.

Dokar ta ce a ɗauki mutanen yankin da ake aiki gwargwado, amma ba ta hana wani ɗan Najeriya neman kwangila saboda jiharsa ba. Aikin ma ya doshi Arewa: bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Buhari ya ƙaddamar a 2020, yana ƙarƙashin wannan doka. Ƙungiyoyinmu na sana'a a Legas za su iya haɗa mutum biyar ko goma su yi rajistar kamfani ɗaya, su tura yaransu gwajin walda, su shigar da sunansu a kundin hukumar.