Albashi da yanayin aikin direbobin manyan motoci a kamfanonin dakon kaya

Direban kamfanin dakon kaya shi ne wanda ake ɗauka ya tuƙa tirela ko tanka ko motar kwantena, yana kai kayan mutane daga tashar jirgin ruwa, masana'anta ko sito zuwa inda ake buƙata. Motar ta kamfani ce, kayan na mai kaya ne, nasa kawai lasisi da ƙarfin jiki da lokaci. Idan ana maganar yanayin aikinsa, abubuwan da ake dubawa su ne yadda ake lissafa masa kuɗi, awa nawa yake yi a kan sitiyari, inda yake kwana, da kuma wanda ke ɗaukar asara idan mota ta tsaya. Wannan na ƙarshen shi ne inda aka fi cutar direbobi, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Tarihi

Ana danganta motar dakon kaya ta farko mai inji da kamfanin Daimler na Jamus a 1896, amma sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne sana'ar ta fara kankama sosai, ta soma ƙwace wa jirgin ƙasa kaya. A farkon lamarin ba wata doka, duk wanda ya samu mota sai ya shiga, farashin lodi ya yi ta faɗuwa, direba kuma ya tuƙa har sai barci ya ci ƙarfinsa.

A Amurka gwamnati ta sa baki da dokar 1935, wadda ta ba hukumar ICC mai kula da kasuwanci tsakanin jihohi ikon tsara wa zai shiga harkar da kuma nawa za a caja. Dokokin farko na awannin tuƙi sun biyo baya wajajen ƙarshen shekarun 1930. Sai dai a 1938 da aka yi babbar dokar ƙwadago ta ƙasar, wadda ta ce a biya ma'aikaci kuɗin obataim idan ya wuce awannin mako, an cire direbobin da ke ratsa jihohi daga wannan tanadi, kuma har yau haka abin yake. Wato direba zai iya yin awa 60 ko 70 a mako ba tare da doka ta tilasta a ƙara masa ko sisi kan ƙarin awannin ba.

Duk da haka akwai lokacin da aikin ya yi daraja a can. Ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ƙarƙashin shugabanta Jimmy Hoffa ta samu yarjejeniya ta ƙasa baki ɗaya a 1964, wadda ta haɗa dubban ɗaruruwan direbobi a tsarin albashi ɗaya, da fansho da inshorar lafiya, har mutum yana iya riƙe iyali ya sayi gida da aikin tuƙi kaɗai. A 1980 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta saki harkar, sabbin kamfanoni suka cika ko'ina, farashin lodi ya sauka, tsofaffin kamfanoni masu ƙungiya da yawa suka durƙushe, kuma albashin direba ya zube idan aka kwatanta da tsadar rayuwa. Masu kaya sun ji daɗi, masu saye a kanti ma sun amfana, amma gaskiya wani babban kaso na sauƙin daga aljihun direba ya fito.

A matakin duniya, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ILO ta fitar da yarjejeniya kan awannin aikin sufurin hanya a 1939, sannan ta sabunta da Yarjejeniya ta 153 a 1979, wadda ta ce kada tuƙi ya wuce awa 9 a rana da awa 48 a mako, kuma a huta bayan awa 4 a jere. Ƙasashe ƙalilan ne suka amince da ita a hukumance.

A Turai babban sauyin ya zo ne bayan 2004, lokacin da Poland da Lituweniya da wasu ƙasashen gabas suka shiga Tarayyar Turai. Kamfanonin can suka mamaye dakon ƙasa da ƙasa saboda albashinsu ƙasa yake, daga baya su ma suka koma ɗauko direbobi daga Yukiren, Belarus, tsakiyar Asiya har da Filifin.

Yadda ake biya

Akwai masu albashin wata ko na awa, galibi direbobin cikin gari da na kamfanonin da ke dakon kayan kansu, kuma su ne suka fi samun kwanciyar hankali. Akwai masu karɓar kaso daga kuɗin lodi. Amma a doguwar tafiya tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne biya da nisa, ko da mil ko da kilomita, ko kuma kuɗi kaza kan kowace tafiya.

A baki kamar adalci ne, wanda ya fi gudu ya fi samu. Matsalar ita ce aikin direba ba tuƙi kaɗai ba ne. Zai duba taya da birki da fitilu kafin ya tashi, zai ɗaure kaya ya rufe da tamfol, zai bi layin shan mai, zai cike takardu, zai tsaya a boda, sannan ya isa sito a kan lokacin da aka ba shi a ce ya jira, ya yi awa uku, huɗu, wani lokacin har a kwana ba a sauke ba, kuma duk wannan zaman tunda taya ba ta juyawa to ba a lissafa masa komai, ko kuma a ba shi ɗan kuɗin jira bayan awa biyun farko sun tafi a banza. Mai sito bai da asarar komai idan ya ɓata masa lokaci, shi ya sa ba ya sauri. Da direban ya fito kuma sai ya so ya rama abin da ya rasa, ya taka mota, ya rage barci. A nan ne maganar albashi ke haɗuwa da maganar hatsari. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 ma ta hana biyan direba da nisa ko da yawan kaya idan hakan zai jefa lafiyar hanya cikin haɗari.

Wani abin kuma shi ne alawus. Kamfanoni da yawa suna sa albashin asali ƙarami ƙwarai, sai su cike sauran da alawus na kwana a hanya wanda ba a cire masa haraji. A ƙarshen wata kuɗin yana da ɗan kauri, amma fansho da kuɗin jinya da na hutu duk a kan ƙaramin albashin ake lissafa su, sai ranar da mutum ya kwanta ciwo ko ya tsufa yake gane abin da aka yi masa.

Ga kuma yanke-yanke: idan kaya ya lalace, ko mai ya wuce ƙiyasi, ko an ci tara, wasu kamfanonin daga albashin direba suke cirewa.

Akwai tsarin da ake ce wa mutum ya karɓi mota a bashi daga kamfanin, ya zama mai zaman kansa, a riƙa cirewa duk mako har ta zama tasa. A takarda shi ɗan kasuwa ne, a zahiri kamfanin ne ke ba shi lodi, shi ke sa farashi, shi kuma direba mai da gyara da inshora duk a wuyansa. An sha samun waɗanda suka yi mako guda cur suna aiki suka tashi da bashi maimakon albashi, idan kuma suka gaza a ƙwace motar da duk abin da suka zuba.

Awannin tuƙi da hutu

A Tarayyar Turai tuƙi awa 9 ne a rana, ana iya kai shi 10 sau biyu a mako, kada ya wuce 56 a mako ko 90 a mako biyu, kuma bayan awa 4 da rabi dole a huta minti 45. Hutun rana awa 11 ne, na mako awa 45. Na'urar takogiraf da ke cikin mota ita ke ɗaukar bayanan, kuma tun 2006 sabbin motoci na dijital suke amfani da ita. A Amurka awa 11 ne na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, bayan hutun awa 10, da iyakar awa 60 a kwana 7 ko 70 a kwana 8. Tun Disambar 2017 aka wajabta na'urar lantarki a maimakon littafin da ake cikewa da hannu, wanda kowa ya san yadda ake maguɗi a cikinsa. Direbobi da dama sun koka cewa na'urar ta ƙayyade musu awanni amma ba wanda ya gyara tsarin biyan, don haka agogo na cin lokacinsu a bakin sito kuma ba halin ramawa.

A ƙasashe da yawa dokar tana nan a rubuce amma ba mai dubawa.

Kwana a hanya da lafiya

Direban doguwar tafiya a bayan kujerarsa yake kwana, wani ya yi makonni ko watanni bai ga iyalinsa ba. Wurin fakin mai tsaro da banɗaki da ruwan wanka ya yi kaɗan kusan ko'ina, ga ɓarayin kaya da na dizal. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2017 cewa ba a yin cikakken hutun mako a cikin mota, sannan dokokin 2020 suka ce kamfani ya biya masauki, ya kuma tsara yadda direba zai koma gida aƙalla duk mako huɗu. Ciwon baya, ƙiba, hawan jini, ciwon suga da matsalar barci sun yawaita a sana'ar. Mata kaɗan ne a cikinta.

Yajin aiki da ƙoƙarin gyara

Ostareliya ta kafa wata kotu ta musamman a 2012 don tsayar da mafi ƙarancin kuɗin da za a biya direbobi saboda lafiyar hanya, aka rushe ta a 2016 bayan ƙorafin masu ƙananan motoci na kansu. Koriya ta Kudu ta gwada irin wannan tsari ga masu dakon kwantena da siminti daga 2020 zuwa 2022, direbobi suka yi yajin aiki sau biyu a 2022 don a ci gaba da shi amma wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen shekarar. A Brazil yajin Mayun 2018 kan tsadar dizal ya tsayar da ƙasar kusan kwana goma, ya kuma haifar da jadawalin mafi ƙarancin kuɗin lodi. A 2023 wasu direbobi, yawancinsu 'yan Jojiya da Uzbekistan, sun ajiye motocinsu makonni a wani wurin hutawa na Gräfenhausen a Jamus saboda albashin da wani kamfani ya riƙe musu, sai da abin ya ja hankalin duniya kafin aka biya su.

Ƙarancin direbobi

Ƙungiyoyin masu kamfanoni sun daɗe suna cewa direbobi sun yi ƙaranci, kuma an ga alamar hakan a Birtaniya a 2021 lokacin da gidajen mai suka bushe don ba mai kawo man. Ƙungiyoyin ƙwadago da wasu masana tattalin arziki na cewa masu lasisi suna nan da yawa, zama ne ba sa yi, suna kafa hujja da manyan kamfanonin doguwar tafiya na Amurka inda yawan masu barin aiki a shekara ya sha kaiwa kusan kashi 90 cikin 100. Har yanzu ɓangarorin biyu ba su daidaita ba.