Don Allah ku daina yanke wa masu larurar ƙwaƙwalwa magani

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa a nan Zariya, kuma abu guda ne ya ishe ni har na zauna rubutu: waɗanda muka sallama lafiya lau su ne ke dawo mana. Mutum ya tafi yana gaisuwa, yana sallah, ya koma shagonsa a Sabon Gari ko karatunsa a Samaru. Bayan 'yan watanni sai ga shi ana sauko da shi daga Keke Napep, ƙarti na rirriƙe da shi, an ɗaure masa hannu da rawani, ya kwana biyar bai runtsa ba. Na ce, "Hajiya, yaushe rabonsa da magani?" Sai ta sunkuyar da kai. "Wallahi Sista, gani muka yi ya warke."

Hajiya, sauƙi ya samu, kuma maganin nan da kuka ajiye shi ne ya kawo sauƙin. Garwashi ne da toka ta rufe, kuka ga ba hayaƙi kuka ce wuta ta mutu. Mai hawan jini ba ya zubar da ƙwayarsa don kansa ya daina ciwo. Me ya sa sai na ƙwaƙwalwa ake yi wa haka?

Ku ji ƙa'idar. Wanda ya yi ciwon da ke sa sambatu, jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko zargin ana binsa za a kashe shi, ko da karon farko ne, yana ci gaba da magani aƙalla wata 12 bayan alamun sun ɓace. Wanda ciwon ya sha tasar masa, shekaru zai yi, wani ma har iya rayuwa. Mai ciwon damuwa kuwa, maganinsa sai ya yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin aikinsa, sannan a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan ya dawo daidai. Mafi yawan masu ciwon sambatu da suka yanke magani, ciwon na dawo musu cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa dawowar ta fi ta baya wuyar shawo kai. Mai farfaɗiya ma da aka tsayar masa da magani farat ɗaya, faɗuwar na iya zuwa a jere ba ƙaƙƙautawa, har ta kai ga rasa rai.

Na san ba mugunta ke sa ku ba. Na ga uwa tana kwance bakin zani tana ƙirga canji a gaban kemis. Na san maganin na sa barci da kasala, wani ya yi ƙiba, wani miyau na zuba, hannu na rawa. Akwai ma wanda ke tsorata gida gaba ɗaya: yaro ya fara shan haloperidol, ɗaya daga cikin magungunan ciwon sambatu, kwana biyu sai wuyansa ya karkace ya sandare, idanu suka kafe sama, harshe ya fito. Nan take a ce mutanen ɓoye ne suka ƙi maganin bature, a watsar da ƙwayar, a kunna hayaƙi. Illar magani ce, mun san ta sarai, allura ɗaya ke sake shi cikin ɗan lokaci. Ku kawo shi! Likita zai rage, ko ya canza, ko ya haɗa masa da benzhexol, ƙwayar da ke rage irin wannan illar. In tsada ce, ku faɗa ba kunya, akwai masu sauƙin kuɗi. In ƙin haɗiya yake yi, yana ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe, akwai allurar wata-wata. Kowace matsala da kuka kawo muna da abin yi a kanta, amma wadda kuka yanke hukuncinta a tsakar gida ba mu da labari sai ta ɓaci.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na 'yan mata. An sa ranar aure, sai a ɓoye katin asibiti, a hana ta magani kada dangin miji su gani. Haba iyayena! A kai yarinya gidan da ba ta saba ba, ga hidimar biki, ga rashin barci, ba magani, sannan ciwon ya tashi a gaban surukai. Wane rufin asiri ke nan? In kuma ta samu ciki ko tana shayarwa, a zo a gaya wa likita ya duba maganin da ya dace da ita, kada a tsayar a gida.

Addu'a da ruƙiyya ba mu taɓa hanawa ba, mu ma muna yi wa namu. A yi tofi, a sha magani. Amma duk wanda ya ce sai an ajiye na asibiti kafin nasa ya ci, ku tambaye shi ko shi zai kwana da majinyacin ranar da ciwon ya dawo. Daga nan ne gajiya ke kai iyali ga gidan mari. Ba mu manta da gidan marin Rigasa a Kaduna ba, inda a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, domin a kula da waɗannan bayin Allah cikin mutunci. Ɗanku ne, ku fara ba shi mutuncin nan tun daga gida.

A taƙaice, ga abin da nake roƙo:

Mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin, ya ba shi, ya ga ya haɗiye. Benzhexol musamman a kulle shi, matasa na shan sa don maye.

Kada a jira ƙwayar ƙarshe, a nemo wani saura mako guda.

Ranar da aka rubuta a kati a zo, ko da lafiyarsa ƙalau.

Kafin azumi a zo a gyara lokutan sha zuwa sahur da buɗa-baki, in likita ya ga zai yiwu.

Ya daina barci, ya fara keɓe kansa ko magana shi kaɗai, kada a jira ranar kati. In ya ambaci kashe kansa, a ɗauke fiya-fiya da wuƙa da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi a ranar: asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ku taho da katin da ragowar maganin, ko da kwalin ne kawai ya rage.