Yaƙin Kusuri da barikin Fort Lamy: tambayoyin da ba sa ƙarewa

A Dikwa aka kashe Rabeh?

A'a. Rabeh mayaƙi ne da ya fito daga Sudan. Dikwa hedikwatarsa ce, can ya gina fadarsa bayan ya ci Borno ya rushe Kukawa a 1893. A kusa da Kusuri aka kashe shi a yaƙi da Faransawa, bakin kogin Shari, ranar 22 ga Afrilun 1900. Don Allah a daina haɗa su.

Wane ne Lamy?

Kwamandan sojan Faransa a wannan yaƙi. Shi ma a ranar ya mutu.

To barikin fa?

Bayan yaƙin aka kafa shi. Wani jami'in Faransa, Emile Gentil, ya tsallaka kogin a watan Mayun 1900, ya kafa sansanin soja daura da Kusuri, ya sa masa sunan marigayi Lamy. Sansanin ne ya zama gari, har aka sauya masa suna zuwa Njamena a 1973.

Me ya shafe mu da yaƙin Chadi?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Rundunonin Faransa uku suka haɗu a kan Rabeh: ɗaya daga Aljeriya ta Agadas, ɗaya daga Kongo, ta ukun kuma ita ce ta hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, wadda ta ƙona Birnin Ƙonni a 1899, ragowarta kuma ta ci Damagaram. Ta kan gawarwakin kakanninmu suka bi kafin su isa Kusuri. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, 'yar Rabeh ya aura. Alhazan ƙafa kuwa a da ta Fort Lamy suke bi zuwa Sudan.

Zan iya zuwa in ga filin dagar?

Ya danganta, kuma ba zan ce maka tashi ka tafi ba. Kusuri tana Kamaru, Njamena tana Chadi, gadar Ngeli ce a kan kogin Logon ta haɗa su. Ƙasashen biyu ba sa cikin ECOWAS, saboda haka kada ka ɗauka takardar da ta kai ka Kwatano za ta wadatar. Ka riƙe fasfo da katin allurar shawara, ka tambayi ofishin jakadanci kafin ka sayi tikiti. Hanyar mota daga Maiduguri ta Dikwa da Gamboru Ngala ita ce mafi kusa, amma ita ce rikicin Boko Haram ya fi shafa. Ka ji ta bakin direbobin da suka bi ta a makon, kada ka dogara da labarin bara. In da hali, jirgi zuwa Njamena ya fi kwanciyar hankali. Da damina baƙar ƙasar nan tana kama tayar mota kamar danƙo, gara Nuwamba zuwa Fabrairu. Kada ka ɗaga waya kan gada ko gaban soja. Kuma ka rage buri: sansanin Rabeh na ƙasa da itace ne, ba katangar dutse ba. Nemi dattijon Kotoko, ƙabilar yankin, ya raka ka. Wanda yake son ganin gini, fadar Dikwa ce tasa, in tsaro ya bari.

Gwarzo ne ko azzalumi?

Ya tsaya wa Turawa har ya mutu, an sare kansa an ɗauki hoto. Ya kuma kama bayi, ya kashe Shehu Kyari. Kafin ka yi masa kirari, ka zauna da Barebari ka ji nasu.

Da mutuwarsa aka gama?

Da saura. Ɗansa Fadlallah ya ci gaba da faɗa har Faransawa suka kashe shi a Gujba a 1901.