Wanda ya gudo daga yaƙin Sudan, me doka ta tanadar masa?

Mutane da yawa sun ɗauka ɗan gudun hijira alfarma kawai ake masa, in an ga dama a bar shi in ba a ga dama ba a kora shi. Wallahi ba haka bane, akwai doka a kai kuma ƙasashenmu sun sa hannu.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa don tsoron a zalunce shi saboda ƙabila, addini, asalin ƙasa, rukunin jama'ar da yake ciki ko ra'ayin siyasa. To amma matar da bam ya faɗo unguwarsu a Khartum ta yaya za ta nuna ita aka nufa? Shi ya sa a 1969 ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU ta zauna a Addis Ababa ta faɗaɗa abin, ta ce duk wanda mamaya ko wani mummunan hargitsi a ƙasarsa, ko da a yanki ɗaya ne, ya sa ya tsallaka iyaka, shi ma ɗan gudun hijira ne.

Wannan ƙarin ne yake rufa wa mutanen Sudan asiri yanzu. Tun da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun sa-kai na RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗaruruwa sun shiga Chadi, da yawa ta garin Adre da ke bakin iyaka, 'yan ƙabilar Masalit da suka tsira daga kisan da aka yi a garin El Geneina na yankin Darfur a yammacin Sudan, akasari mata da yara, wasu a ƙafa wasu a amalanken jaki, katifa ɗaya da tukunya, wasu ma da raunin harsashi a jiki, kuma Chadi tana karɓarsu ne a dunƙule ba sai an tsare kowa da tambaya ba.

Babban abin da ke cikin yarjejeniyar 1951 shi ne sashe na 33: haramun ne a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Sashe na 31 kuma ya hana a hukunta shi don ya shigo ba fasfo ba biza, in dai ya kai kansa gun hukuma ba ɓata lokaci. Wa zai tsaya neman fasfo gida na ci da wuta? Amma wanda ya aikata laifin yaƙi ba ya cikin kariyar, haka wanda bai tsallaka iyaka ba, shi yana hannun gwamnatinsa ne har yanzu.

Ta 1969 ta kuma ce a zaunar da su nesa da iyaka, dalilin kwashe mutane daga Adre zuwa sansanoni irin su Metche da Farchana kenan. Komawa gida kuma sai da yardar mutum.

Abin da ke ci min rai shi ne abin da za su ci. A 2020 Chadi ta yi dokarta da ta ba su damar aiki da makaranta da asibiti, to amma ina aikin? Tun kafin wannan yaƙin tana ɗauke da 'yan Darfur kusan 400,000 da suka fara shigowa tun 2003, ruwa sai an yi dogon layi da jarka, hukumar abinci ta WFP kuma ta sha kukan kuɗi sun ƙare. Alhali yarjejeniyar 1969 ɗin nan ta ce in nauyi ya yi wa ƙasa yawa ta kai kuka, sauran ƙasashen Afirka su rage mata kaya. Wannan sashen ne ya kamata mu riƙa tambayar shugabanninmu a kai.