Jarkar maganin feshi ba ta wankuwa

Tun da damina ta kankama ake kawo mana yara ɗakin shan magani da ciwo iri ɗaya: amai, zawo, yawu na dalala, gumi ya jiƙa riga sharkaf. Uwa ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, kaka ta ce shawara ce. Ni kuwa da na haska ido na ga ƙwayar idon ta tsuke kamar ƙwayar gero, tambayata ɗaya ce: a cikin me kuke zuba ruwan sha? Sai a ɗan yi shiru, sannan a ce, "Wata jarka ce mai kyau, a wurin ɗan jari bola muka saya." In an ɗauko ta, ga shatin takardar maganin ciyawa ko na ƙwari nan a jikinta, an kankare da wuƙa.

Ba ni da rigima da 'yan jari bola, kowa ya shaida. Yaran nan da ke tura kura tun asuba suna tsintar gwangwani da ƙarfe da goran ruwa, da guminsu suke ci, wasu ma su ke riƙe da iyayensu. Da babu su da magudanan ruwanmu sun toshe fiye da haka. Ku tsinci ƙarfe, ku tsinci alminiyam, ku tara gorunan ruwa ku kai wa masu niƙa roba, Allah Ya sa albarka. Abu ɗaya nake roƙo, kuma na gaji da roƙonsa: jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi, kada ku sayar wa mai abinci. Kada ku sayar wa matar gida. Kada ku sayar wa kowa da sunan "an wanke".

An wanke da me? Iyayena mata, na san amsarku, na ji ta har na haddace. Omo, toka, ruwan zafi, a shanya kwana uku a rana, a shinshina a ji babu wari. To roba tana shan magani kamar yadda sabuwar tukunyar ƙasa ke shan ruwa. Wari zai tafi ya bar guba a jikin robar, ita kuma ta riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan cikin duk abin da aka zuba. Mai ya fi komai jawo ta. Wato ke da kika zuba man gyaɗa ko manja a ciki, kin fi mai zuba ruwa shiga haɗari, kuma da wannan man za ki soya ƙosan da rabin unguwa za su karya da shi. Mai nono ma haka, mai zoɓo da kunun aya ma haka.

Abin da ke cikin Sniper da fiya-fiya sunansa dikulobos, shi da danginsa ne ke kawo dalalar yawun nan da tsukewar ido da karkarwar jiki. Saboda ɓarnarsa ne hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin hana sayar da ƙananan kwalabensa a 2019. Akwai kuma maganin ciyawa mai suna farakwat, wanda ke ƙone ganye nan take. Shi ba shi da makari ko kaɗan, huhu yake ci, kuma ɗan kurɓi ya isa ya kashe babban mutum, balle yaro mai shekara 3. Duk da haka sai in ga jarkarsa a rataye a bayan keke, an cika ta da ruwan zuwa gona. Haba jama'a!

Manoma, ku ma ba ku fita ba, don daga hannunku take fitowa. Ku gama feshi ku jefar da jarka a bakin gona, ko ku ba yaro ya kai wa ɗan gwangwan ya karɓo alewa. Wani ma da kansa yake kawo wa uwargida, wai tsaraba, murfinta na rufuwa da kyau. Gaskiya ne, jarka ce mai ƙwari, ba ta yoyo, kuma sabuwa ta yi tsada, ni ma ina zuwa kasuwa na sani. Amma ku lissafa kuɗin mota zuwa babban asibiti da tsakar dare, da kuɗin ƙarin ruwa da allurai, ku gaya mini jarka nawa za su saya.

Sannan in abin ya faru, don Allah a daina ɗura wa yaro manja ko madara, a daina cusa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Aman zai iya faɗawa huhu, kuma kuna ɓata lokacin da ya fi komai tsada. Na sha karɓar yaro baki duk manja, numfashi na sarƙewa, an shafe awanni ana gwaji a gida.

Ga abin yi a taƙaice:

- Manomi: da maganin ya ƙare, ɗauraye jarkar sau 3, ka juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan ka huda gindinta da ƙusa ko adda yadda ba za ta sake riƙe ruwa ba.
- Ɗan jari bola: ware irin waɗannan daban, kada ka kankare takarda, kada ka ƙona su a tsakar gida. Sa safar hannu, wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, in ƙarfe ya yanke ka zo a duba maganar allurar tetanus.
- Mai saye: duba jikin jarka. Zane mai launin ja, rawaya, shuɗi ko kore a ƙasan takarda, hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ko shatin takardar da aka kankare, duk ki ajiye musu kayansu.
- Yaro ya sha ko kuna zargi: tuɓe masa kayan da suka jiƙe, wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a taho asibiti nan take, a riƙo jarkar don mu ga sunan maganin.

Wadda ke da jarka a gida yanzu kuma ba ta san asalinta ba, ta riƙo ta ranar awo ko ranar rigakafi in duba mata. Ba zan yi faɗa ba, in shaa Allah. Amma in na ga shatin takardar nan, a gabanki zan huda ta.