Waiwaye: Hatimin Pilos Bai Faɗo Daga Sama Ba

Tun da aka fito da hoton wani tsohon hatimi da aka tono a garin Pilos a watan Nuwamban 2017, muhawara a kansa ba ta kwanta ba. Dutsen aƙiƙ ne mai tsawon santimita 3.6, bai wuce ɗan dabino ba, amma an sassaƙa masa mayaƙa uku: ɗaya ya luma wa abokin gabarsa takobi a wuya, na uku yana kwance ƙarƙashin ƙafafunsu. Ana ganin damatsa da jijiyoyi, wasu zane-zanen ba su fi rabin milimita ba. Sharon Stocker da Jack Davis na Jami'ar Cincinnati ne suka tono shi a 2015, a kabarin wani jarumi da aka binne wajen shekara ta 1450 kafin Miladiyya a kudancin Girka. Wasu na cewa dole a sake rubuta tarihin fasahar Girka. Wasu sun kafe cewa ba za a yi wannan aiki ba sai da gilashin ƙara girma. Akwai ma masu ganin kamar abin ya fi ƙarfin mutanen wancan zamani.

Ni a ganina mamakin ya yi yawa ne saboda ana kallon dutsen shi kaɗai. A kabarin kansa an sami hatimai fiye da 50 da zobban zinariya huɗu, kuma masana sun fi karkata ga cewa a tsibirin Karita aka sassaƙa shi, inda sana'ar ta riga ta shafe kusan shekara dubu.

Farkon labarin sananne ne. Tun wajen 2500 kafin Miladiyya mutanen Karita, waɗanda ake kira Minowa, suke fafe hatimai da ƙashi da hauren dorina da dutse mai laushi, suna binne su tare da mamatansu a kaburburan kwarin Mesara. A Lerna, cikin babban yankin Girka, an sami yumɓu mai ɗauke da tambarin hatimai kusan 70 a gini guda. Shi kansa Arthur Evans, masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya, hatimai ne suka ja shi Karita a 1894, inda ya tarar mata masu shayarwa suna rataya su a wuya don neman ruwan nono. Daga nan ne ya kai ga tonon tsohuwar fadar Knossos a 1900.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba ya faru ne tsakanin 1800 da 1700 kafin Miladiyya, zamanin fadojin farko na Karita. Kafin lokacin, mai sassaƙa yana riƙe dutse ne a hannu ɗaya, wuƙa ko ɗan tsinke a ɗayan, yana kankara. Wannan ba ya cin dutse mai tauri. Sai ga wata dabara ta shigo: a kafa sanda a kwance tsakanin madogara biyu, a naɗa mata tsirkiyar baka, a liƙa ɗan faifai ko bututun ƙarfe a bakinta. Ana jan bakan gaba da baya, sandar tana juyawa, mai aiki kuma ya kawo dutsen da yatsunsa ya kanga shi a bakin faifan. Ba ƙarfen ne yake yankan ba, garin dutse mai kaifi ne da ake shafa masa. Alamun wannan na'ura suna nan a jikin duwatsun. Da ita ne aƙiƙ da sauran duwatsu masu tauri da ƙyalli suka shiga hannun masu sana'ar, kuma dutse mai tauri shi ke riƙe siririn layi ba tare da ya marmashe ba.

Me ya sa aka damu da wannan wahala? Amsar tana Faistos, a kudancin Karita. A 1955 masanin kayan tarihi Doro Levi ya tono wani ɗaki a tsohuwar fadar garin, ya ci karo da dunƙulen yumɓu sama da 6,000, ɗauke da tambarin hatimai fiye da 300. Ba su da kyan gani, ga su a farfashe, gobara ce ma ta gasa su har suka kawo yau. Wata masaniya, Enrica Fiandra, ce ta juya su ta duba bayansu. Sai ta ga shatin igiya da na ɗan turken katako. Ke nan ana ɗaure ƙyauren ɗakin ajiya ko murfin akwati da igiya, a naɗe ta a turke, a manna ɗanyen yumɓu a kai, sannan mai alhakin wurin ya danna hatiminsa. Duk wanda zai buɗe sai ya fasa. Fasasshen kuma ba a zubar da shi, ana adana shi ya zama shaidar sau nawa aka buɗe da kuma wanda ya rufe. Ƙididdiga ta nuna hatimai ƙalilan ne suka yi kaso mai yawa na tambarin, alamar cewa akwai ma'aji na dindindin da kuma masu zuwa jefi-jefi.

A nan ne nake ganin tushen maganar. Inda mutum ɗaruruwa ke hulɗa da rumbu ɗaya, tilas kowane tambari ya bambanta da na wani, ya kuma yi wuyar kwaikwayo. Yawancin na Faistos layuka ne da da'irori masu sarƙewa, amma a cikinsu an fara ganin zakuna da wasu dabbobi a guje, jikinsu da rai. A Malia ma, wani garin na Karita, an tono ɗakin wani mai sassaƙa na zamanin, da hatimai masu fuska uku da bai ƙarasa ba, da waɗanda suka fashe masa a hannu. Shi dutse mai laushi yake aiki da shi. Tsohuwar hanya da sabuwa sun yi zama tare na wani lokaci.

Bayan haka abin ya bunƙasa. Aka koma liƙe wasiƙun fata da ɗan yumɓu, har aka sami tambarin zobe guda mai hoton keken doki a Ayiya Tiriyada da Sklabokambos na Karita, da kuma Akrotiri a tsibirin Tera, can ƙetaren teku. Manyan Girka suka shiga tara hatiman Karita don nuna isa, kamar yadda kabarin Bafiyo na kudancin Girka da aka tona a 1889 ya nuna. Wanda ya sassaƙa na Pilos ya gaji hannun da aka yi ta gogewa kusan shekara 300 a kan wannan na'ura.

Da fadojin Girka na ƙarshe suka rushe wajen 1200 kafin Miladiyya, ɗakunan ajiya suka tafi, sassaƙar dutse mai tauri ma ta ɓace daga Girka ƙarni da dama. Da hatimi ya dawo a ƙarni na 8 kafin Miladiyya, da hauren giwa da dutse mai laushi aka sake farawa, sai a ƙarni na 6 Girkawa suka koyo na'urar daga gabas, ta hanyar Finikawa, mutanen gaɓar Labanan ta yau, da tsibirin Kubrus. A ƙarni na 5 aka sami Deksamenos na Kiyos, wanda ke rubuta sunansa a jikin aikinsa. An kuma ruwaito cewa dokar Solon, mai tsara dokokin Atina, ta hana mai sassaƙa ajiye tambarin zoben da ya sayar, gudun kada ya yi wa wani irinsa.