Ƙarin da ake gani a hantar kaza ba yau ya fara ba

Muhawarar kajin gidan gona ta sake tashi. Mutum ya sayi kaza, mai figa ya feɗe ta, sai ga hanta ta kumbura, da fararen ƙulle-ƙulle a jikinta. Nan take a ce allurar girma ce, har wasu su jingina mata rikicewar al'ada da ƙiba da tsirowar gashi a haɓar wasu mata. Ita wannan larura ta mata, mai nasaba da insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini) da yawan sinadarin maza a jiki, tun 1935 likitoci biyu a Chicago, Stein da Leventhal, suka bayyana ta, tun kafin kiwon kajin nama ya bunƙasa. Ƙarin kaza kuwa, galibi bairas ne ke kawo shi.

A 1907 likitan dabbobi ɗan Hungary, Marek, ya bayyana shanyewar ƙafa a wasu zakaru. A 1911 Peyton Rous ya nuna a New York cewa bairas na iya haddasa ƙari a kaza, binciken da sai a 1966 ya samu kyautar Nobel a kansa. A 1967 aka gano bairas ɗin cutar Marek a Ingila, wato cutar shanyewar ƙafar nan da aka sa wa sunan likitan, wadda ita ma take kawo ƙari a kaza.

Inda aka cika tsallakewa shi ne 1970, lokacin da aka fara rigakafi a Amurka da wani bairas na talo-talo da ba ya cutar da kaji. Asara ta ragu ƙwarai, kowa ya saki jiki. Sai dai rigakafin yana hana ƙari da shanyewa ne kawai, ba ya hana kaza kamuwa, ba ya kuma hana ta yaɗawa. Bairas ɗin yana hayayyafa a saiwar gashin kaza, ya fito cikin amosaninta, ya gauraya da ƙurar ɗaki, ya yi watanni bai mutu ba. A da, nau'i mai zafi kan kashe kaza kafin ta baza shi sosai, sai ya mutu tare da ita. Yanzu kaza mai rigakafi tana nan da ranta tana karkaɗe shi, ga dubbai a cushe ƙarƙashin rufi ɗaya, ana fitar da wasu ana zuba wasu. Bairas ɗin ya yi ta ƙara zafi, har zuwa shekarun 1980 sai da aka haɗa rigakafi biyu, a shekarun 1990 kuma Amurka ta koma wa wani rigakafin mai suna Rispens da aka samar a Holan. Binciken da aka wallafa a 2015 ya tabbatar a gwaji cewa kaza mai rigakafi tana rayuwa ta ci gaba da yaɗa nau'i mai zafin. Rigakafin dole ne, amma ɗora masa dukan nauyi aka yi, aka sassauta tsafta.

Ita dai allurar da ake yi wa ɗan tsako a bayan wuya ranar da aka ƙyanƙyashe shi, mililita 0.2, ta Marek ce. Wasu na yin ta cikin ƙwai a kwana na 18. Mafi ƙarfinta ana ajiye ta cikin ruwan naitirojin, a narkar da ita a ruwa mai ɗumin digiri 27 cikin kamar minti ɗaya, a gama amfani da ita cikin awa guda bayan haɗawa. Ta narke a hanya ko ta daɗe a ajiye, to ruwa kawai aka tsira wa tsakon. Kuma sai bayan mako ɗaya zuwa biyu kariya take kankama. Wanda ya zuba 'yan tsaki a ɗakin da tsofaffin kaji suka fita jiya, bai kakkaɓe ƙurar rufi da raga ba, bai wanke ya fesa magani ba, bairas ya riga rigakafin shiga. Sakamakon kan ɓulla daga mako na 12 zuwa 24: ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ido ya koma ruwan toka, hanta da saifa su kumbura.

Bairas ɗin Marek ba ya kama ɗan Adam, amma kazar da ƙari ya bazu a kayan cikinta ba ta ci ba ce, binne ta ake yi.